Alamar da Umma Ta Hana a Sa wa Bappa Ya'u

Ni'ima tana zango na biyu a karatun digirinta na biyu, fannin ba da shawara ga ma'aurata da iyali, kuma ta zaɓi ta ƙware a kan iyalan da ke jinyar mai taɓin hankali. A makon nan malamarsu, Dakta Eunice, ta ba su aiki: kowa ya zana taswirar danginsa har zuwa kakanni, ya gicciya layi a kan sunan duk wanda ya rasu, ya rubuta shekarar.

"Wanda bai san gidansu ba, kada ya shiga gyaran gidan wani," in ji ta.

A gidansu da ke unguwar Ɗan Iya, Ni'ima ta baje takarda a tabarma, mahaifiyarta tana tsince shinkafa tana ba ta amsa. Da suka iso kan ƙanin mahaifinta, wanda tun tana yarinya aka ce mata ya rasu, ta ɗaga biro.

"Umma, Bappa Ya'u wace shekara ya rasu?"

Umma ta ci gaba da tsinta. Can ta ce, "Bar wurin haka. Kada ki ja masa layi."

"Me ya sa?"

"Ba a yi wa mai rai alamar mutuwa. Yana ƙauyen Miri, wurin Ɗanlarai, ɗan ƙanwar kakarku. Kansa ne ya taɓu tun kafin a haife ki. In babanku ya ji na faɗa miki, ban san inda zan sa kaina ba."

Kwana uku Ni'ima ba ta da sukuni. A aji ana bayanin yadda ɓoye ciwo ke gajiyar da gida, ita tana ta murza biro har ya ɓalle. Ta buɗe littafi ta rufe. Ta kira Mahfuz, wanda aka sa musu ranar aure wata biyu masu zuwa, ta katse kafin ya ɗauka. Da ta kai wa Dakta Eunice maganar, malamar ta ce, "Ba za ki zama likitar danginki ba, ba a yin haka. In za ki je, ki je a matsayin 'ya."

Ranar Alhamis ta hau keke-napep zuwa bakin titi, ta ƙarasa Miri a babur. Ta tarar da wani dattijo siriri a gindin ɗorawa yana ɓare gyaɗa, goshinsa da hancinsa sak na babanta. Ɗanlarai ya ce ai ciwon ya yi shekaru bai tashi ba, muddin ana karɓo masa magani daga asibiti. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"'Yar wa?" ya tambaya.

"'Yar Bashir ce, Bappa."

"To. Ai yau zai zo."

Ta ɗauka ciwon ne ke magana. Ba a yi rabin awa ba sai ga motar babanta. Ya fito da leda a hannu, reza da sabulu da ƙullin magani. Ya gan ta, ya tsaya cak, sannan ya wuce ta, ya zauna ya jiƙa kan ƙaninsa ya fara aski. Ashe duk Alhamis ɗin da yake cewa ya tafi duba gona, nan yake zuwa.

A hanyar komawa cikin motar ne Baba ya yi magana. "Ku huɗu ne mata. Wa zai nemi aure a gidan da aka ce akwai hauka? Yayyenki uku duk suna ɗakinsu lafiya. Saura ke. Ki yi shiru."

"Baba, ni kullum abin da ake koya mini shi ne in taimaki mutane su faɗi irin wannan."

"Ki koya wa mutane. Nan gidana ne."

Ta yi mako tana juya abin. Ranar Asabar Mahfuz ya zo zance, ta faɗa masa kafin ya gama zama. Ya ce shi bai dame shi ba, amma don Allah kada Hajiyarsa ta ji.

"Za ta ji," Ni'ima ta ce. "Ko daga bakinka, ko daga nawa."

Daga bakinsa Hajiyar ta ji. Danginsa suka aiko cewa a ɗaga ranar zuwa bayan babbar Sallah, suna son su yi shawara. Baba ya yi kwana goma ba ya amsa gaisuwar Ni'ima, ita kuma ta rame, duk ƙarar waya sai ta zabura.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Ni'ima ta ji Baba ya yi sallama da murya sama, yana cewa Umma ta ƙara kwano. Bappa Ya'u ne a bayansa, cikin sabuwar shadda da ta yi masa yawa. Maƙwabta biyu suna leƙe daga ƙofa, Baba bai rufe ta ba. Bappa ya tsaya a tsakar gida yana dube-dube, sannan ya tambaya ina aka kai rijiyar da ya sani a nan tun yana yaro.

"An cike ta," in ji Baba. "Zauna, abinci zai huce."