Jirgin da Hayatu Bai Hau Ba

Duk unguwar New Bell babu mai bakin Affan in aka zo maganar duniya. Akawu ne a tashar jiragen ruwa, ya sha Faransanci ya ƙoshi. In ya zauna wurin mai shayi sai ka rantse da shi aka kafa OTAN, ƙawancen sojan Turai da Amurka. Don tsoron Rasha aka yi ta, in ji shi, amma yanzu ta sauya, ta koma kare talaka duk inda yake.

Da Libiya ta rikice a 2011, ƙanensa Hayatu, wanda ke ɗinki a can, ya bugo waya. Wai an kawo jirgin kwashe baƙi, ko ya hau ya dawo gida?

"Ka bar kekunan ɗinkinka uku ka dawo hannu rabbana?" in ji Affan. "Jiragen OTAN sun shigo. Sati biyu komai ya lafa. Yi zamanka."

"To, Yaya."

Hayatu bai taɓa yi masa musu ba. Abin da ke cin ran Affan har yau ke nan.

Sati biyu ya zama wata bakwai, waya ma ta daina shiga. Mahaifiyarsu Inno ba ta jin Faransanci, kullum da la'asar sai ta ajiye masa rediyo a tabarma ya fassara mata. Shi kuwa ya riƙa zuba sukari a labarin.

Wata Litinin wani ɗan unguwar Nkololoun da ya tsira daga Libiya ya same shi a ofis. Ya ce shi da Hayatu sun bi ta hamada, 'yan bindiga suka tare su, duk baƙar fata a wurinsu sojan haya ne. Da hannunsa ya binne Hayatu. Ya ajiye masa tef ɗin awo a tebur.

Affan ya ƙi hawa mashin, ya tako da ƙafa don kada ya iso gida da wuri. Ya tarar da Inno tana tsintar shinkafa, rediyo na ta zuba.

"Yauwa, ɗan boko. Me suka ce?"

"Sun ce OTAN ta gama aikinta, Inno. Wai an yi nasara."

Fuskarta ta washe. "Alhamdu lillahi, ashe da gaskiyarka. To buga wa auta, ka ce masa yanzu ka yarda ya taho."

Mutumin da ba ya rasa magana ya durƙusa, ya ciro tef ɗin daga aljihu ya ajiye kusa da faifanta. Kallo ɗaya ta yi ta gane shi. Ita ta saya wa Hayatu shi ranar da ya gama koyon ɗinki.