Kalmomi Biyar na Gail

Shekara goma sha ɗaya Roshanda Pettway tana buga wa ƙungiyar matan birnin Dayton wasan zari-ruga, irin wanda ake sa hular kwano da sulke. Sau uku suna kaiwa wasan ƙarshe, sau uku matan birnin Detroit suna koro su gida hannu rabbana. Yau ne na huɗu, kuma ita ma ta san gwiwoyinta ba za su kai baɗi ba. In ba ta taɓa kofin nan yau ba, shi ke nan.

Saura minti shida a tashi, Dayton na gaba da maki biyu, sai wata ƙatuwar 'yar Detroit ta yi mata karo ka da ka. Hular kwanon da ke kanta kwancen samarin sakandare ce, kai na yawo a ciki kamar gyaɗa a kwanso. Ta miƙe, amma layukan filin sun koma bibbiyu. Ciwon bai ba ta tsoro kamar Gail ba.

Gail Novak ce nas ɗin ƙungiyar, mace ce da ba ta san alfarma ba. Duk wadda ta bugu a ka, sai ta karanto mata kalmomi biyar, ta jira kaɗan, ta ce ta maimaita. Kika ɓata ɗaya, ta karɓe hularki. Sai dai tsofaffin hannu irin su Roshanda sun daɗe da haddace jerin, don Gail ba ta taɓa canza shi ba.

"Zauna nan, tsohuwa," in ji Gail.

"Ke dai rabu da ni, garau nake! 'Yata ma ta fi wannan ƙarfin duka. Lemo, tsani, kujera, gishiri, agogo. To, ba ni hulata."

Gail ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa, ta riƙe mata hannu biyu, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba.

"Na ɓata ne? Lemo, tsani..."

"Ba ki ɓata ba. Sau huɗu ke nan kina faɗa mini su, ni kuwa ban tambaye ki ba."

Roshanda ta ɗaga kai. Ba kowa a filin sai wani mutum yana naɗe tutoci. 'Yan kallo sun watse. Ta duba jikinta, ta ga an cire mata sulken kafaɗa, an lulluɓa mata bargo, ba ta san yaushe ba.

"Gail, don Allah, wa ya ci?"

"Ku. Kawo miki kofin suka yi har nan, kika rungume shi kina ta kuka."

Roshanda ta lalubi cikin kanta kaf, ko alamar abin ba ta tuna ba.

"Motar asibiti na hanya," Gail ta ce a hankali. "Yanzu faɗa mini, yaya sunan 'yarki?"

Roshanda ta buɗe baki. Gail ta yi ta jira.