Farantin da Na Cire a Ciniki

Kowa a garinmu My Tho ya san ba a sayen sabon babur a watan bakwai, watan da matattu marasa dangi ke yawo da yunwa a bakin hanya. Ni ma na sani sarai. Amma tsohon babur ɗina ya mutu murus, ni kuwa ɗan acaɓa ne, ranar da ban ɗauki fasinja ba ba a ɗora tukunya a gidana. Kuma a watan ne kaɗai masu shago ke sassautowa.

Na tarar da shagon tsit, babura a jere cikin leda. Mai shagon, Gwaggo Tuyet, tana zaune tana fifita.

"Miliyan ashirin da ɗaya," in ji ta.

"Haba Gwaggo! A wannan watan? Ko ƙuda ba ya shigo miki. Sha takwas."

"Albarka. Kai wannan rowar a nono ka sha ta."

Muka yi ta ja har ta sauko sha tara da rabi. Na ce a cire hular kwano, ina da tawa. Ta rage. Na ce a cire rigar ruwa. Ta rage tana tsaki. Saura dubu ɗari biyu tsakaninmu, kuma ba ni da su.

"Me kuma kika cusa cikin kuɗin nan?"

"Sai farantin."

Kafin sabon babur ya fita, akan ajiye faranti gaban tayarsa: shinkafa, gishiri, kunu, turare. A watsa wa matattun a titi su ci, su ƙyale babur ɗin.

"A cire shi," na ce.

Ta daina fifita. "Ɗana, ba naka ba ne da za ka cire."

"Ni zan biya, ai nawa ne."

Ta daɗe tana kallo, amma ba ni take kallo ba. Idonta na kan mazaunin baya na babur ɗin. Ledar da ke rufe da shi ta lotsa a hankali, kamar an zauna. Wallahi na gani da idona, amma na ce wa kaina zafin rana ne ke ruɗa ni.

"Na sallama," ta ce ƙasa-ƙasa. Ta ajiye mini makulli a kan tebur, ta ƙi miƙo mini a hannu.

Tun a kwanar farko na ji bayan babur ɗin ya yi nauyi. Tsoro ya kama ni, amma ban waiwaya ba.

Na tsaya a bakin kasuwa, wurina na shekara goma. Mutum zai ɗaga hannu, ya kalli bayana, ya sauke, ya tafi wurin wani. Washegari na yi faranti da kaina, har biyu. Bai yi amfani ba. Kwana huɗu ko mutum ɗaya ban ɗauka ba.

Rana ta biyar sai ga Kaka Nhan mai sayar da kifi, wadda kullum ni nake kai ta gida, ta wuce ni da kwandonta. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Kaka! Har da ke? Me na yi miki?"

Ta juyo, ta ɗan rusuna wa bayana da ladabi, sannan ta dube ni.

"To ɗan nan, a ina zan zauna?"