Allurar Man Motar Magaji

Magaji dillalin shanu ne a Talata Mafara. A shekarun da ake aikin dam ɗin Bakolori hannunsa ya buɗe, domin shi ke kai wa mahautan sansanin ma'aikata shanun yanka. A nan ya ƙyalla ido ya ga wata 'yar jar motar tsere ta wani injiniya ɗan Italiya, gajeruwa, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Da injiniyan ya tashi komawa gida, Magaji ya saye ta.

Mako biyu ya yi yana jin daɗinta. Ranar kasuwar Janbako ya fita da hantsi, allurar mai na nuna tanki ya fi rabi. Ya faɗa wani rami, allurar ta kwanta. Ya faɗa na biyu, ta miƙe ta nuna tanki cike. Ya zaɓi ya yarda da magana ta biyu. Bai kai garin ba motar ta yi tari ta mutu. Kafin wani mai keke ya samo masa galan guda, kasuwa ta watse, bijiman da aka yi masa alkawari kuma wani ya kora su.

Washegari ya kai ta wurin Gidaɗo, bakaniken da ya yi shekara uku a garejin dam kafin ya buɗe nasa. Bayan sun gaisa har sun tambayi iyali da dabbobi, Gidaɗo ya canza fis ɗin wutar agogon mai, ya kankare tsatsar bakin wayoyi, ya ce su gwada. Suka je Bakura suka dawo, allura ko motsin banza ba ta yi ba. Magaji ya gode ya tafi. Yana hawa hanyar Maradun ta koma rawa.

Karo na biyu Gidaɗo ya zargi agogon man kansa. Ya kwance shi, ya hure, ya mayar. Kwana uku Magaji ya sake dawowa, wannan karon a ƙafa, rigarsa na warin fetur.

"Malam Gidaɗo, wagga mota taka yi min ƙarya, ko kai?"

Gidaɗo ya ɗauko kayan aikinsa. Ya sa aka turo motar, ya shiga ƙarƙashinta, ya sauke tankin gaba ɗaya. Duwatsun hanya sun loɓa gindinsa, ƙarfen da ke riƙe da ɗan ƙwallon da ke yawo a kan mai yana maƙalewa a wurin. Ƙwallon ma ya huje, mai na shiga ciki yana nutsar da shi.

"Alhaji, ba don hanyoyinmu anka ƙera ta ba," in ji shi.

Aka nemi sabon ƙwallo a Gusau, aka nema a Sakkwato, babu wanda ya taɓa ganin irinsa. Gidaɗo ya like hujin da dalma, ya bubbuge tankin ya miƙe. Allura ta faɗi gaskiya kwana tara. A na goma, a hanyar Morai, wani tudu da ruwa ya yanka ya sake dukan cikin motar, allura ta koma rawa.

Magaji bai koma gareji ba. Ya feƙe sanda don ya riƙa auna man da hannu, sai ya tarar wuyan tankin a lanƙwashe yake, sandar ba ta shiga. Ya karya ta ya jefar. Daga nan ya manna takarda a kan agogon don kada ya ƙara ganin allurar, ranakun kasuwa kuma ya koma hawa babbar motar da ke ɗaukar shanunsa.