Masarar da Ta Faɗi Ƙasa

Gefen mayafin Mma bai fi taƙi ɗaya da sandar ba. Ina tsaye a inuwar ɗorawa ina kallon yadda iska ke ɗaga shi, ta kai shi, ta dawo da shi. Ita kuwa sandar juyawa take yi, da saurin da sai mutum ya ɗauka a tsaye take. Sandar ƙarfe ce mai kaurin damtse, ta fito daga bayan tarakta ta shiga cikin injin casar masara, ita ke juya shi. Majeed direba yana ce mata shaf. Babu komai a kanta, tsirara take.

A masussukar Gbalahi ba a biyan mata da kuɗi. Su ke zuba masara cikin injin, su ke ɗura buhuna, ladansu kuma shi ne abin da ya faɗi ƙasa. Kowace mace da gefenta da take sharewa. Inda tsaba ta fi zuba shi ne ƙarƙashin sandar nan, wurin da injin yake girgiza yana feso ƙwaya ta wata tsaga. Wannan wuri na Sista Ajara ne, maƙwabciyarmu, don ta fi kowa daɗewa a aikin. Mma, mahaifiyata, tana gefenta.

Tun rasuwar mahaifinmu muke zaune a gidan yayansa, Baba Tahidu, mai taraktar. Shi ne ya aiko ni. Famfon dizal ya fara yoyo, kuma duk wanda aka kawo daga shago ba ya shiga, domin babu wanda ya san shekarar da aka ƙera ta. Farantin lambarta ya daɗe da ɓacewa. “Ke da kika karanta injin noma a Nyankpala,” in ji shi, “je ki tambaye ta shekarunta.”

Da azahar Majeed ya kashe injin. Shirun ya sauko a kanmu kamar an ɗora mana kaya.

“Injiniya!” ya kira ni yana goge hannu da tsumma. “Zo ki gaida kakarki. Amma ki yi mata ladabi, ba ta son raini.”

Matan suka yi dariya. Na sunkuyar da kai na wuce da kwalbar kananzir da wuƙa.

Na fara da abin da ido ke gani. Fitilunta a gefen hanci suke, ba a cikin raga ba, irin ƙirar dā. Na durƙusa gefen injin na soma kankare fenti. Ja ne a sama, ƙarƙashinsa shuɗi, ƙarƙashinsa wani ja da ya koɗe, can ƙasa toka-toka. Kowane mai ita ya yi mata sabuwar riga kafin ya sayar. Na wanke wurin da kananzir, na goga alli, lambobin suka fito farare ɗaya bayan ɗaya. A jikin akwatin giyar taraktar ma na sami alamar da ake zubawa tare da ƙarfen, mai nuna watan ƙira da shekara. Na gwada su a wayata, suka yi daidai da juna. Ta haura shekara hamsin. Ta girmi Mma.

Sai na zagaya bayanta. Kewaye da inda sandar ta fito akwai ramukan noti, tsatsa da ƙasa sun toshe su. Na sa yatsa a ɗaya.

“Yaya Majeed, ina murfin da ke nan?”

“Murfin me?”

“Na shaf. Da shi aka ƙera ta.”

“Ni haka na same ta. Wanda ya koya mini ma haka ya same ta.” Ya ɗaga hannun rigarsa na hagu, ya nuna mini inda aka yi mata faci. “Bara ta ce tana son rigar nan. Na ce a'a, ta ɗauki hannu ɗaya, muka shirya.”

Sista Ajara, da ke cin waakye, wato shinkafa da wake, a ganye, ta ce, “Ƙarya kake, ɓera ne ya ci maka ita. Matarka ta gaya mini.”

Dariya ta sake tashi. Ni ina kallon wani siririn ƙyalle da ya naɗe a gindin sandar, giris ya mai da shi baƙi. Ban san ko na wa ne ba, ban kuma tambaya ba.

* * *

Shagon Masta Jonas, mai sayar da kayan tarakta, yana unguwar Choggu, bayan masu walda. Mutumin kudu ne, Hausarsa ta kasuwa ce. Da na gaya masa shekarar, ya buga tafi.

“Ehee! Shi ya sa! Alhaji Tahidu ya ce mini tarakta ɗin shekara ashirin ne. Ashirin! Wannan tarakta ya ga kakana.” Ya shiga ciki, ya fito da famfo naɗe a takarda. “Wannan zai shiga kamar takalmi, Sista.”

Na tsaya ina murza jakata. Magana da baƙi tana yi mini wuya tun ina ƙarama.

“Masta, akwai murfin shaf na irinta?”

Ya dube ni ta saman tabarau. “Murfi? Tun da na buɗe shago babu wanda ya tambaya.” Ya kai ni bayan shagon, inda ya tara ƙarafan da ake kawo masa daga Kumasi. Ya yi ta tono, har ya zaro wani lanƙwasasshen ƙarfe mai kama da rabin tulu. Na gwada tazarar ramukansa da awon da na ɗauko. Daidai.

“Ɗauka, gyara ne,” ya ce. “Amma ramin noti ɗin ya mutu, sai mai walda ya buɗe sabo. Rabin yini zai ci. Alhaji zai yarda injin ya kwanta rabin yini a wannan lokaci?” Bai jira amsa ba, ya girgiza kai.

* * *

Baba Tahidu yana kula da taraktar nan fiye da yadda yake kula da jikinsa. Kowace safiya da kansa yake zaro sandar awon baƙin mai, ya murza man tsakanin yatsu, ya shinshina. Shi ke wanke matatar iska, shi ke tace dizal da ƙyalle, shi ke bin kowace gaɓa da giris. Akwai laya ɗaure a ƙasan sitiyari. Na same shi a ƙofar gida yana duba iskar tayoyi.

Ya karɓi famfon ya juya shi, fuskarsa ta saki. “Allah ya yi miki albarka. To, nawa ta ce miki?”

“Ta wuce hamsin, Baba.”

Ya waiga hagu da dama. “Wannan maganar ta tsaya a bakinki. Manoma suka ji, gobe za su kai masararsu wurin mai sabon inji.” Idonsa ya sauka kan abin da ke hannuna. “Wannan kuma fa?”

“Murfin shaf ne. Baba, mayafin mata… wurin da suke shara…”

“Su kula mana. Yara ne su?”

“Rabin yini kawai mai walda zai yi.”

“Rabin yini! Kin ga layin manoman da ke jira? Masara a ƙasa, gara na ci, awaki na ci. Bari kaka ta wuce, Zuweira. Jefa shi a tirela.”

Akwai maganganu a bakina, na jera su tun a hanya. Amma a ɗakinsa muke kwana, a tukunyarsa muke ci, ban kuma taɓa ɗaga ido na kalli tsakiyar idonsa ba. Na ce, “To, Baba.”

Washegari na bi su gona don a ɗaura famfon. Ya shiga kamar yadda Masta Jonas ya faɗa, injin ya tashi a bugu ɗaya, muryarsa ta fi ta dā kauri. Lokacin hutun azahar na roƙi Majeed ya taya ni mu ɗaure murfin ko da waya ce. Muna cikin fama, wayar tana zamewa, sai ga babur ɗin Baba Tahidu.

“Majeed! Injin hutawa na saya, ko na aiki?”

Majeed ya saki wayar ya haye kujera. Na jingina murfin a jikin ɗorawa.

* * *

Da la'asar ne. Tsaba ta taru sosai a ƙarƙashin sandar, domin da sabon famfo injin ya fi sauri, ya fi feso ta. Na ji Sista Ajara tana ce wa Mma, “Yau tuwo har da na maƙwabta.” Ta sunkuya da tsintsiya kamar yadda take yi kullum.

Ban ji ihu da farko ba. Abin da na ji shi ne muryar injin ta canza, ta yi nauyi, kamar ya haɗiyi abin da ya fi ƙarfin maƙogwaronsa. Sai na ga zane mai ruwan ganye yana naɗewa a sandar. Kafin Majeed ya kai hannu ya kashe, ta juya iya juyawar da take so.

Da wuƙar da na kankare fenti aka yanke zanen. Aka ɗora Sista Ajara a keken kaya mai ƙafa uku, Mma ta rungume kanta a cinya, suka nufi asibiti. Hannunta na dama an naɗe shi daban a cikin buhu.

 Majeed ya zagaya yana neman shebur bai samu ba. Ya ɗauki murfin daga jikin ɗorawa, ya riƙa ɗebo yashi da shi yana zubawa a wurin, har jan ya ɓace. Yashin na zuba a kan takalminsa.

* * *

Sista Ajara ta rayu. Baba Tahidu ya aika wa 'ya'yanta buhun masara, ya je dubiya, ya ce ƙaddara ce, kowa ya ce haka ne. Ya sa aka wanke taraktar da sabulu, aka canza mata baƙin mai, aka yi sadakar ƙosai.

Wannan karon na yi magana. Na durƙusa a gabansa bayan sallar magariba, na ce a kira mai walda kafin a koma aiki. Na kai ƙarshen maganar.

“Za a kira shi,” ya ce a hankali. “Aiki ya riga ya tsaya mana, manoma sun fara surutu. Ana gama na Gbalahi, za a kira shi.” Ya juya wajen Mma da ke bakin murhu. “Matar ƙanena, wurin Ajara babu kowa. Mata da yawa sun roƙe ni, na ce a'a. Ke ce mai marayu. Naki ne.”

Mma ta ajiye muciya, ta durƙusa, ta yi godiya.

A ɗaki na riƙe hannunta. “Mma, kar ki je. Don Allah. Zan sami aiki, na kai takarduna wurare da yawa.”

“Allah ya sa. Kafin nan ƙannenki me za su ci?” Ta zare hannunta a hankali. “Abin da ke zuba a wurin nan zai kai mu har damina. In ban shiga ba, wata za ta shiga.”

Bayan sallar asuba ta ɗaura zanenta na aiki. Na ce ta tsaya. Na cire mata mayafin, na ba ta hular sanyin ƙanena ta tusa gashinta ciki. Na ɗauko allura da zare mai kauri, na durƙusa a gabanta, na fara ɗinke bakin zanen a jikinta, daga ƙugu zuwa ƙasa, ina kama duk wani gefe da zai iya lilo. Tana tsaye, hannuwanta a sama kamar yarinyar da ake gwada wa kayan sallah. Da na iso gwiwa na ja zaren da ƙarfi.

Ta gwada lanƙwasa bayanta, zanen ya riƙe ta.

“Zuweira,” ta ce, “kin matse da yawa. Bar mini inda zan sunkuya.”

Na daɗe riƙe da allurar. Sannan na sa haƙori na tsinke zaren, na warware mata ɗinki uku.