Ba Birki a Kujerar Fasinja

Ba Birki ake ce masa a tasha, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Tun yana saurayi yake jan bas a doguwar hanya, har furfura ta cinye masa kai. Ba abin da ya raina a duniya kamar fasinjan da mota ke sa wa amai. In ya ji wani na kakari a baya, ko madubi ba ya dubawa, sai dai ya ce wa kwandasta, "Miƙa wa ragon nan leda, kada ya yi mini ado a kujera."

Sai ciwon sukari ya taɓa masa ido. Likita ya ce ganinsa ya isa tafiya a ƙasa, amma shi da sitiyari sai dai gaisuwa. Mai kamfanin da yake wa aiki, wani mai tumbi da ko taya bai taɓa canzawa ba, ya kira shi ofis.

"Ba zan sallame ka ba, ka daɗe da mu. Za ka riƙa zama gefen sababbin direbobi kana gwada su. Wanda ka ce ya iya, a ba shi mota. Wanda ka ce bai iya ba, ya kama gabansa."

"Allah ya ƙara girma, ranka ya daɗe."

"Amma kai ma gwada ka nake yi. In ka gaza, sai gida."

Gida. Ba Birki ya san abin da gida ke nufi. Benci a ƙofa, rediyo a cinya, matarka na aikenka sayo ashana. Ya ga tsofaffin direbobi da suka koma haka, suna tare mai wucewa da labarin hanyar da ba wanda ya tambaye su. Gara masa komai da wannan.

Ranar farko ya hau ya hakimce a kujerar gaba, ya harɗe hannu. Sabon direban ya fita gari, ya sha kwana ta farko, ya sha ta biyu. Yawu ya cika wa Ba Birki baki. Zufa mai sanyi ta keto masa a ƙeya, cikinsa ya yi wani juyi kamar ana wanki a ciki.

"Tsaya," ya ce. "Tayar baya na wani ƙara."

"Ban ji komai ba, Baba."

"Ina za ka ji? Kunnen ƙashi gare ka. Tsaya na ce!"

Ya zagaya bayan bas, ya dafa ƙarfe, ya amayar da duk abin da ya karya da shi. Yana goge baki abin ya faɗo masa. Tun ranar da ya karɓi lasin bai sake zama a mota wani na ja ba. Ashe shi ma rago ne, sitiyari ne ya rufa masa asiri duk tsawon shekarun nan.

Ya je kemis ya ce matarsa ce ke fama da jirin mota, aka ba shi ƙwaya. Ƙwayar ta yi aiki, har ya wuce yadda ake so. Ya yi barci baki buɗe tun daga bakin tasha har aka je aka dawo. Kafin la'asar labari ya zaga wurin mai shayi cewa tsoho munshari yake gwada direbobi da shi. Ya watsa sauran ƙwayar a kwata.

Matarsa ce ta tona shi, don ita ke wanke rigunan. Ta gaya wa 'yarsu, 'yar ta gaya wa mijinta. Mijin nan tela ne, siriri, mai magana ƙasa-ƙasa. Ya taɓa yin amai a motar Ba Birki tun yana neman aure, tun daga ranar kuwa ba ya da suna a gidan sai Mai Leda. Yanzu ga shi ya zo ya durƙusa a tsakar gida, wai ya kawo shawara.

"Baba, na ji an ce ba ka jin daɗin mota."

"Wa ya ce? Uwar matarka? Bakinta ba ya da marfi."

"Ni dai yanzu har saro yadi nake zuwa a mota, ba abin da ke samuna."

"To sai a buga maka ganga."

Telan bai yi fushi ba, shi ma abin haushi ne a wurin Ba Birki. Ya ci gaba da magana yana kallon ƙasa. Ya ce abin ba na ƙwaya ba ne, na sabo ne. A fara da 'yar gajeruwar tafiya kullum, a sauka tun yawu bai taru ba, gobe a ƙara kaɗan. Kada a yi fashi, in an yi fashi jiki mantawa yake. Kada a hau da yunwa, kada kuma a cika ciki da maiƙo. A buɗe taga, a jingina kai, a kafa ido can nesa inda hanya ta ƙare. A ɗan tauna citta.

"Kuma Baba, ka san abin da ya sa direba ba ya jiri? Jikinsa ya san abin da mota za ta yi tun ba ta yi ba."

"Kai za ka gaya mini direba? Kai da keken ɗinki ne kawai ka taɓa tuƙawa? Tashi ka gaida gida."

Ya kore shi, sannan ya yi duk abin da ya ce. Kullum da sassafe sai ya tafi wata unguwa da ba a san shi ba, ya ja hula har gira, ya hau motar cikin gari tare da masu zuwa kasuwa. Ya sauka a tsayawa ta gaba, ya tofar da yawu, ya zagi direban a zuci, ya dawo a ƙasa. Sannu a hankali tafiyar ta riƙa tsawo. Aljihunsa kullum da citta, har matarsa ta fara ɓoye tata.

Amma maganar telan ta ƙarshe ce ta fi yi masa amfani. Idonsa ya raunana, hanyar kuwa ya haddace ta rami-rami. Sai ya fara tuƙi da baki.

"Sassauta! Kwana na zuwa. Sauke giya. Yanzu juya. A hankali, ba tukunya kake juyawa ba! Taka totur. Ɗaga ƙafa, akwai rami."

Muddin shi ya faɗa kafin a yi, cikinsa na zaune lafiya. Direbobin suka tsane shi. Suna cewa ba a taɓa yin azzalumin tsoho irinsa ba, ko numfashi sai da izininsa. Ba wanda ya gane cewa ihun nan magani yake sha. Mai kamfani kuwa daɗi ya kama shi, yana ta faɗa wa abokansa ya samu mai horo na gaske. Watanni suka shuɗe a haka, Ba Birki har ya fara ƙiba.

Sai aka sayo sabuwar bas mai na'urar sanyi. Wanda ake so a ba wa shi ne wani da ake kira Dogo, mutum mai sanyin hannu, wanda ya yi shekaru yana jan motar asibiti. Ranar gwajin, Ba Birki ya kama ƙofar gaba ke nan sai ga mai kamfani yana haki.

"Yau da ni za a je. Koma baya, ni zan zauna nan."

"Ranka ya daɗe, daga nan nake ganin ƙafarsa."

"Ni ma ina da ido. Koma can ƙarshe ka ji mini yadda take."

Can ƙarshe, saman taya. Tagogi a rufe ruf, ga wani turaren mota mai kama da alewa ya cika ko'ina. Ba ya ganin hanya sai ƙeyar kujeru. Ya lalubi aljihu, ya tuna cittar na cikin rigar jiya. Ya jingina kai, ya shiga karanta hanyar a zuci, kwana, rami, gada. Ya ɗan yi tasiri. Sai mai kamfani ya ba kwandasta wayarsa.

"Kai wa tsoho ya ga hoton sauran motocin da zan sayo. Ka duba da kyau, ka ga kujerun?"

Ba Birki ya sunkuya ya duba. Dogo ya sha wata kwana mai laushi, irin wadda ko ruwa a kofi ba zai zube ba. Shi ke nan. Abin ya taho ba sallama, a kan wayar, a kan sabuwar kujera da ko ledarta ba a gama cirewa ba.

Aka tsaya. Kwandasta ya toshe baki yana shaƙewa da dariya. Mai kamfani ya taso, fuska a murtuke.

"Kai? Kai ne da amai a mota?"

Ba Birki ya ga bencin ƙofar gida ƙiri-ƙiri. Ya goge baki da hannun riga, ya miƙe, ya nuna Dogo da yatsa.

"Ranka ya daɗe, tun ba a haifi wannan ba nake cikin mota, ban taɓa ko tofar da yawu ba. Direban da ya juya cikina, me zai yi wa mai juna biyu? Me zai yi wa tsohuwa? A gaba ba a ji. A baya ake sanin mugun hannu."

"Haba Baba," in ji Dogo. "Ka ji tsoron Allah. Marasa lafiya na yi shekaru ina ɗauka."

"Shi ya sa. Waɗancan ba su da bakin ƙorafi."

Mai kamfani ya dubi Dogo, ya dubi kujerar, ya gyaɗa kai kamar wanda ya gano wani babban ilimi. Mutumin da bai san bambancin birki da kuloci ba, me zai hana ya yarda? Nan take ya karɓe makulli daga hannun Dogo. Dogo ya yi wa tsohon wani kallo, ya tsallaka titi neman motar komawa.

"Aikinka ya zauna," mai kamfani ya ce, yana dafa kafaɗar Ba Birki. "Ashe cikinka ya fi idonka amfani. Daga yau duk gwajin da za a yi, a kujerar ƙarshe za ka riƙa zama."

Da yamma Ba Birki ya bi ta shagon surukinsa. Bai yi sallama ba, bai zauna ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon tarin ƙyallaye kamar su suka yi masa laifi.

"Kai. Kujerar baya fa, ita ma ana sabawa da ita?"

Telan ya tsayar da keke, ya cire zare daga baki.

"Ana sabawa, Baba. Sai dai ta fi daɗewa, kuma daga farko za ka sake farawa."