Nauyin da Babur Ya Saba

Tana tura babur ɗin tana haki, gyalenta ya naɗe a madubi, ga Auta, ƙanin mijinta, biye da ita yana ɗingishi yana mita.

"Anti, ki daina wahalar da kanki. Na riga na yi magana da masu sayen ƙarfe, gobe za su ɗauka. Ba zan bar abin nan a gida ya kashe wani ba."

"Kai ne ba ka iya tuƙi ba."

"Ni? Da furfurata?"

"Furfura ce ke riƙe kan babur?"

Da safen nan Auta ya fitar da babur ɗin, karon farko tun rasuwar yayansa, ya hau babban titi ya murɗa totur. Da gudu ya yi gudu sai kan babur ɗin ya kama rawa, baya na tsalle, bai ankara ba ya tsinci kansa a cikin ciyawa, gwiwa a ɗaye. Ciwon bai dame ta ba, ta ga ya wanke da ruwan gishiri ya miƙe. Abin da ya ƙona mata rai shi ne maganar da ya yi a tsakar gida, gaban makwabta: wai ashe duk cika bakin yaya ne.

Marigayi mai gyaran famfo ne, kuma duk unguwar an san abu biyu yake yabo a duniya: babur ɗinsa, sai kuma babur ɗinsa. Yakan ce ko kofin shayi ka ɗora a tanki ka kai maleji ƙarshe, ɗigo ba zai zuba ba. Ba hanya ce ta ɗauke shi ba. A gadon asibiti ya cika, hannunsa cikin nata. Ita kuwa, wadda tun tana amarya ake kira Lukuta, ba ta san giya daga birki ba, amma ta san bayan babur ɗin nan fiye da kujerar ɗakinta. Bai taɓa girgiza ta ba. Yanzu a ce mijinta maƙaryaci ne, shi yana kwance ba bakin ramawa?

Suka isa rumfar bakaniken da marigayi ya saba kai wa gyara. Yana zaune a kan tsohon batir yana wanke sarƙa cikin kwanon fetur. Da ya hango babur ɗin sai ya ajiye, ya goge hannu a wando.

"Hajiya, ya ƙarin haƙuri? Allah Ya ji ƙansa."

"Amin, Malam. Ka duba min abin nan. Wai rawa yake."

"Wai?" in ji Auta, ya ɗage ƙafar wando. "Wannan ma wai ce?"

Bakaniken bai kula gwiwar ba. Ya girgiza tayar gaba, ya juya kai dama da hagu, ya ƙwanƙwasa ƙarfen jiki da sifana. Ya ce ko'ina garau, irin wannan ƙirar sai dai a gada. Sannan ya dafa kujerar baya da hannu biyu ya danna. Ko motsi ba ta yi ba. Ya ɗora ƙirjinsa ya danna. Shiru. Sai ya dubi Auta, wanda iska mai ƙarfi kan iya kaɗawa.

"Kai kaɗai ka hau?"

"Da wa zan hau?"

Bakaniken ya sosa ƙeya, ya dubi ƙasa, ya dubi rufin rumfa. Ita dai ya ƙi dubanta.

"Faɗi, Malam. Na ga abin da ya fi wannan."

"To Hajiya, shokozoban baya, mai shanye gargadar hanya, ana ɗaure shi ne daidai kayan da za a ɗauka. Marigayi kan zo lokaci-lokaci ya ce, ƙara masa ɗauri ɗaya, an samu ci gaba a gida. In ƙara. Da gurbin ƙari ya ƙare, sai ya sa na cire na asalin, na saka masa sifirin na babur ɗin dakon siminti."

Auta ya toshe baki da hula, kafaɗunsa na rawa.

"Siminti," in ji ta.

"Iskar tayar baya ma haka. In babu nauyi, bayan ba ya zama a kwalta, sai ya riƙa tsalle, kai ya ɗauki rawa. Shi ya sa in zai fita aiki shi kaɗai yake ɗaure akwatin kayan aiki da buhun yashi."

Buhun yashin! Yana nan jingine a bayan ƙofa. Sau nawa ta yi masa faɗa a kan yawo da datti? Ya ce mata na aiki ne. Ashe wakilinta ne. Kuma duk inda za shi mai nisa sai ya ce, tashi ki raka ni, hanya ba ta daɗi in ba ke. Ita kuma ta shafa hoda, ta ɗare baya tana yi wa matan layi kallon ku ci kanku, ta ɗauka soyayya ce zalla. Shekara da shekaru tana tambayarsa ko ta ƙara ƙiba, yana cewa ina, ai kina nan yadda na ɗauko ki. Daga nan sai ya zarce wurin bakanike.

Dariya ta ƙwace mata, irin wadda ba ta yi ba tun ranar. Ba ta san inda ta juye ta koma kuka ba. Mazan biyu suka duƙufa kallon taya.

"Aikin minti kaɗan ne," in ji bakaniken a hankali. "In mayar da shi yadda kamfani ya yi, kowa ya hau."

Ta share fuska da bakin gyale. "Kar ka taɓa. Auta, tayar."

"Anti, ina da iyali."

"Ka ce yayanka ya yi ƙarya. Tayar."

Ya buga kik, bugu ɗaya injin ya amsa. Ta hau, kujerar ta nutse ta karɓe ta. Suka fita babban titi, Auta na salati. Ya ƙara giya, ya ƙara, shaguna suka fara wucewa a guje, iska ta cika mata gyale. Babur ya miƙe sambal kamar an ja zare. Ta rufe ido. Bayan da ke gabanta ya cika sirantaka, ƙamshin ma ba shi ba ne, amma ƙarar ita ce.

Da suka dawo rumfar, Auta ya sauke ƙafa ya kashe injin.

"Yaya bai yi ƙarya ba," in ji shi. "Zan faɗa a tsakar gida, yadda na faɗi waccan. Masu ƙarfe su nemi wani." Ya shafa kan babur ɗin. "Sai dai can wajen gada na ji ɗan kaɗawa. Kaɗan."

"Ni ma na ji," in ji ta. A da babur ɗin bai taɓa yi ba.

Bakaniken ya dubi yadda kujerar ta zauna, sannan a karon farko ya dube ta sosai, ya dubi rigar da ta yi mata yawa a kafaɗa.

"Ba laifin babur ba ne, Hajiya. Kin rame."

Da suka isa gida ta sa Auta ya jingine babur ɗin a inda ya saba, kusa da buhun yashi. Ta shiga kicin, ta sauko da tukunyar da ta yi ƙura a kan kanta, ta wanke. Ta auna shinkafa ta mutum ɗaya, ta tsaya tana kallonta. Sai ta ƙara.